A Auna Kafin A Kwance: Darasi Kan Injin Da Ya Rasa Ƙarfi

Darasinmu na wannan karo ya shafi injin mota. Wani zai ce, me ya haɗa mota da shafin lafiya da noma? Abin da ya haɗa su yana da yawa. Mota ce ke kwasar gero da wake da albasa daga ƙauyukan Barmu zuwa kasuwar Tawa. Ita ce ke kawo mana taki da iri. Ita ce kuma ake nema da tsakar dare idan naƙuda ta tsananta wa mace, ko maciji ya sari yaro, aka ce sai babban asibitin Tawa. In a wannan dare mota ta ƙi tashi, ko ta kasa hawan tudu, to, hasarar ta wuce ta kuɗi.

Akwai wata cuta da ke kama inji a hankali, ta rage masa ƙarfi har ya kwanta. Sunanta rashin matsi. Makanikai suna cewa inji ya rasa "kompiresiyon". Mutane da yawa sun yi hasarar dukiya a kanta, domin an kwance masu inji gaba ɗaya alhali ciwon ƙarami ne, ko kuwa an yi ta canza ƙananan kaya alhali ciwon yana can ciki. Ma'aikacin lafiya ba ya ba da maganin hawan jini sai ya ɗaura awo a hannu. Haka ya kamata a yi wa inji: a auna shi tukuna, sannan a kwance.

1. Yadda inji yake samun ƙarfi

A cikin inji akwai ramuka masu kama da turmi. Kowane ɗaya sunansa silinda. Yawancin motocin da ke bin hanyoyinmu silinda 4 gare su, wasu manya kuma 6. A cikin kowace silinda akwai wani ƙarfe mai hawa da sauka, sunansa fistin. A saman silinda akwai murfi mai nauyi, shi ne kan inji, wanda makanikanmu ke kira kulas. A jikin murfin akwai ƙananan ƙofofi masu buɗewa da rufewa. Su ne bawul, a gareji kuma za ka ji ana ce masu supap. Ɗaya ta shigar iska ce, ɗaya ta fitar hayaƙi.

Inji yana aiki da taki huɗu. Na ɗaya, fistin ya sauka, ya shaƙi iska da mai. Na biyu, ƙofofi su rufe, fistin ya hau, ya matse abin da ya shaƙa. Na uku, wuta ta kama, ta tunkuɗa fistin ƙasa da ƙarfi. Na huɗu, fistin ya sake hawa, ya kori hayaƙi waje. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya ƙera irin wannan inji a shekarar 1876, har yau kuma a kan tsarinsa ake tafiya.

Taki na biyu shi ne zancenmu. A injin fetur, abin da zai cika tiya 9 ko 10 ake cusawa a wurin tiya 1, sannan buji, wato fulogi, ya ƙyasta wuta. A injin gazuwal matsin ya fi haka nesa: kamar tiya 20 ne a wurin tiya 1. Iskar da aka matse haka takan yi zafi fiye da digiri 500, har gazuwal ya kama da kansa ba tare da buji ba. Wani Bajamushen ne, Rudolf Diesel, ya kammala wannan inji a 1897.

Ku tuna da zuga-zugin maƙeri. In fatar ta huje, yaro zai yi ta zuga har ya gaji, wuta ba ta tashi ba. Ko ku toshe bakin famfon keke da yatsa, ku danna. In famfon lafiya lau yake, zai tura hannunku baya. In fatarsa ta cinye, zai wuce salin-alin. To, haka inji yake. Duk inda iska ta sami hanyar zurarewa, ƙarfi ya tafi tare da ita.

2. Hanyoyi uku da ƙarfi ke zurarewa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A inji, wurare uku ne bango ya fi tsagewa.

Na farko, zobban fistin. Kowane fistin yana da siraran zobba na ƙarfe, galibi 3, da ke manne da bangon silinda. Biyu suna tare iska, ɗaya yana share baƙin mai. In sun cinye, ko sun karye, ko sun maƙale da dauɗa, iska za ta zurare ƙasa, baƙin mai kuma ya hau sama ya ƙone.

Na biyu, bawul. Dole ya zauna daram a mazauninsa. In bakinsa ya ƙone, ko ya lanƙwashe, ko an ɗaure shi fiye da ƙima har bai rufe sosai ba, iska za ta fita ta nan.

Na uku, shimfiɗar da ke tsakanin kulas da gangar jikin inji. Makanikanmu suna kiranta juwan, a Najeriya kuma gasket. Ita ce ke raba wuta da ruwa da baƙin mai, kowanne ya bi hanyarsa. In ta ƙone, sai su gauraya.

Akwai kuma manyan ɓarna da ba su cika faruwa ba: fistin ya huje, kulas ya tsage, ko bel mai haƙora da ke daidaita buɗewar bawul ya tsallake ko ya tsinke.

3. Abin da ke jawo cutar a ƙasar Adar

Maƙiyan inji a wurinmu biyu ne: ƙura da zafi.

Ƙura ba laushi gare ta ba, kamar yadda ido ke gani. Ƙananan duwatsu ne masu kaifi. Kowace lita ɗaya ta fetur da inji ya ƙona, yakan shaƙi iska wajen lita 10,000. Ku dubi hazon hunturu, ku dubi ƙurar da mota ke tayarwa a hanyoyin yashi da tsakuwa na karkara. Matatar iska ce kaɗai ke tare wannan ƙura. In ta yage, ko an cire ta, ko bututunta ya tsage, ƙura za ta shiga silinda, ta gauraya da baƙin mai, ta riƙa cin zobba da bango kamar yadda dutsen wasa wuƙa yake cin ƙarfe.

Zafi kuwa, a watannin Afirilu da Mayu yakan wuce digiri 40 a inuwa. Ga lodi ya yi yawa, ga yashi mai zurfi, ga lagireto ya toshe da ƙaiƙayi da tsabar ciyawa. Ruwan wasu rijiyoyi kuma yana barin farin dutse a cikin bututai, irin wanda muke gani a gindin butar shayi. In inji ya tafasa ko da sau ɗaya ne, kulas yana iya karkacewa, juwan ya ƙone.

Bayan waɗannan biyu akwai tsohon baƙin mai da aka ƙi juyewa, da fetur ɗin da aka gauraya da kananzir. Irin wannan fetur yana sa inji ƙwanƙwasa, yana kuma iya karya zobe ko huda fistin.

4. Alamomin da mai mota zai lura da su

Inji yana faɗin ciwonsa, in akwai mai saurare. Ga alamomin:

Mota tana wuyar tashi da safe, musamman da sanyin hunturu, sai an tura ta.

Tudun da take hawa da giya ta uku a da, yanzu sai da ta biyu ko ta ɗaya.

Tana shan mai fiye da yadda ta saba.

Tana karkarwa a tsaye, kamar jaki mai ɗingishi.

Baƙin mai yana raguwa, alhali ba a ga inda yake yoyo ba.

A dubi launin hayaƙi kuma. Shuɗin hayaƙi yana nufin baƙin mai ne ke ƙonewa, sau da yawa daga zobba. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi yana nufin ruwa ne ke shiga silinda. Baƙin hayaƙi kuwa yawan mai ne ko ƙarancin iska, sau da yawa matatar iska ce kawai ta toshe.

A zaro sandar awon baƙin mai. In man ya koma launin shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa. A buɗe murfin lagireto tun inji yana da sanyi, sannan a tayar. In kumfa na ta ɓulɓulowa ba tsayawa, iskar silinda ce ke shiga ruwa. A buɗe murfin zuba baƙin mai inji yana aiki. In hayaƙi yana bugowa da ƙarfi, zobba sun gaji.

Amma mu yi hattara. Alama ba hukunci ba ce. Zazzaɓi yana zuwa da cututtuka iri-iri. Mataccen buji, ko toshewar matatar mai, ko raunin batir, duk suna iya kawo wasu daga cikin waɗannan alamomi. Awo ne kaɗai ke raba gardama.

5. Yadda ake awon matsi

Abin awon wani ɗan agogo ne mai allura, da bututu a gindinsa. Lambobinsa "bar" ne. Domin ku gane girman bar, tayar ƙaramar mota takan ɗauki wajen bar 2. Wasu agogon suna da lambobin PSI: bar 1 daidai yake da PSI 14 da rabi, wato bar 10 shi ne PSI 145. Aikin bai fi rabin awa ba. Ga yadda ake yinsa a injin fetur:

1. A tabbata batir yana da caji sosai. Raunin batir yana ba da awon ƙarya.

2. A tayar da inji ya ɗumama, sannan a kashe.

3. A sa giya a furi, a ja birkin hannu, a sa dutse a taya.

4. A hure ƙurar da ke kewaye da buji, kada ta faɗa ciki. A yi wa wayoyin lamba, sannan a cire buji duka.

5. A katse wutar buji da hanyar mai, domin kada inji ya kama ko wuta ta tashi.

6. A ɗaura agogo a ramin buji na silinda ta farko.

7. Mutum ɗaya ya take totur har ƙasa, ya murɗa makulli, inji ya juya sau 5 ko 6, har allura ta daina hawa.

8. A rubuta lambar. A saki iskar agogo, a wuce silinda ta gaba, har a gama duka.

Kada a dogara da ka, a rubuta. Nan ne amfanin karatun da muke yi yake fitowa fili. Mai motar da ya tsaya da littafinsa da alƙalami, ya ga lambobi da idonsa, ba a yi masa ciniki a duhu.

In an sami silinda mai rauni, sai a yi awo na biyu. A zuba baƙin mai cokali ɗaya ta ramin buji, a sake aunawa. Man zai toshe tsakanin zobba da bango na ɗan lokaci. In lamba ta hau sosai, zobba ne suka cinye. In ba ta motsa ba, yoyon yana sama, a bawul ko a juwan.

Gargaɗi: injin gazuwal yana da nasa agogo dabam, mai ɗaukar matsi mai yawa. Kada a sa masa agogon fetur, zai fashe. Kada kuma a zuba masa baƙin mai a silinda, domin man yana iya kamawa da wuta, ko ya lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da fistin. Wannan aikin gwani ne.

6. Yadda ake karanta lambobi

Lafiyayyen injin fetur yakan nuna bar 9 zuwa 13. In ya sauka ƙasa da 7, akwai ciwo. Injin gazuwal yakan nuna wajen 25 zuwa 35. Kowace mota tana da nata adadi a littafin masu ƙera ta. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne silindu su yi kusa da juna. Bambancin babba da ƙarama kada ya wuce kashi 10 cikin 100, wato wajen bar 1. Shanun huɗa in ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi da yawa, kunya ba ta miƙewa.

Ga misalai biyar domin koyo. Lambobin na silinda ta 1, ta 2, ta 3 da ta 4 ne bi da bi.

Mota ta farko: 11, 11, 10, 11. Matsi lafiya lau. Kada a kwance wannan inji. A nemi ciwon a buji, ko hanyar mai, ko matatar iska.

Mota ta biyu: 11, 6, 11, 11. An zuba mai a silinda ta 2, ta hau zuwa 10. Zobban wannan silinda ne suka cinye ko suka karye.

Mota ta uku: 11, 11, 5, 11. An zuba mai, tana nan a 5. Bawul ake zargi.

Mota ta huɗu: 11, 4, 4, 11. Maƙwabta biyu sun faɗi tare. Juwan ne ya ƙone a tsakaninsu, iska tana tsallakawa daga wannan zuwa waccan.

Mota ta biyar: 7, 7, 6, 7. An zuba mai, duka sun hau zuwa 10. Inji ya tsufa gaba ɗaya, yana son babban gyara.

In kuwa mota tana tafiya lafiya, ta mutu farat ɗaya, aka auna aka ga duk silindu sun faɗi ƙasa ƙwarai, a fara duba bel mai haƙora ko sarƙar da ke juya bawul.

Makanikin da ke da injin hura iska yana iya ƙara tabbatarwa. Zai tsayar da fistin a sama, bawul duka a rufe, ya hura iska ta ramin buji, ya kasa kunne. In iska na fita ta salansa, bawul ɗin hayaƙi ne. In ta wajen matatar iska, bawul ɗin shiga ne. In ta murfin baƙin mai, zobba ne. In kumfa ta taso a lagireto, juwan ne ko tsagewar kulas.

7. Gyara: a fara da mai sauƙi

Ba a sare reshe saboda ƙaya ta soki yatsa. Kowane ciwo da nasa magani, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Daidaita bawul. Wannan shi ne mafi araha. A yawancin tsofaffin injuna akwai ɗan rata da ake bari a kan bawul, bai kai kaurin farce ba. In ratar ta ɓace, bawul ba ya rufewa sosai. Makanike zai cire murfin sama kawai, ya daidaita da siraran ƙarafan awo, ya sake auna matsi. Sau da yawa a nan magana take ƙarewa. In an yi sakaci, bawul ɗin da ba ya rufewa zai ƙone.

Gyaran bawul. In ya riga ya ƙone ko ya lanƙwashe, sai a sauke kulas, a sa sabo, a goge shi da mazauninsa da wani ƙullu mai yashi-yashi har su haɗu daram. Ana gwadawa da zuba ɗan fetur a bayansa. In bai ɗiga ba, ya zauna.

Canza juwan. A nan ne ake yawan kuskure. Kafin a sa sabo, dole a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kulas a ga ko ya karkace. In ya karkace, a kai shi wurin masu injin fiƙe ƙarfe su daidaita. Ba a mayar da tsohon juwan. Kusoshin kulas kuma ana ɗaure su ne daki-daki, daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awo. Sannan a nemo abin da ya sa inji ya tafasa tun farko: lagireto ne, ko famfon ruwa, ko fanka. In ba a yi haka ba, sabon juwan zai bi sawun tsohon.

Canza zobba. Wannan babban aiki ne, sai an buɗe inji sama da ƙasa. A auna bangon silinda. In ya cinye da yawa, sabon zobe shi kaɗai ba zai yi amfani ba, sai an fafe silinda an sa fistin mai ɗan girma. Wasu injuna suna da sauƙi a nan. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, bangon silindarta wani bututu ne da ake zarewa a sa sabo. Makanikai suna kiransa da kalmar Faransanci mai ma'anar riga.

Bayan babban gyara, a lallaɓa mota a kilomita 1,000 na farko. Ban da gudu, ban da lodi mai nauyi. Daga nan a juye baƙin mai, a canza matatarsa.

Abu biyu za mu kiyaye. Na ɗaya, araha ba ta ado: jabun zobe ko jabun juwan yana sa a biya kuɗin aiki sau biyu. Na biyu, baƙin mai mai kauri da ruwan gwangwani da ake cewa yana mayar da ƙarfin inji ba sa mayar da ƙarfen da ya cinye. Ɓoye ciwo kawai suke yi. Saboda haka mai sayen tsohuwar mota ya nemi a yi awon matsi a gabansa kafin ya biya.

8. Injin ban ruwa ma haka yake

Masu lambun albasa da tumatir a fadamun Adar, daga bakin tabkin Tabalak zuwa kwarin Kaita, wannan darasi naku ne. Ƙaramin injin ban ruwa silinda ɗaya gare shi, amma yana da fistin da zobba da bawul kamar na mota. In kun ja igiya kuka ji ba ta da nauyi ko kaɗan, matsi ya tafi. Sau da yawa bawul ne ya maƙale bayan an ajiye inji duk damina. A irin tsohon samfurin injin Honda GX160, ratar bawul ɗin shiga milimita 0.15 ce, ta hayaƙi kuma 0.20, inji yana da sanyi. Ana juye baƙin mansa bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 100. Ku sani kuma, irin wannan inji yana da dabarar rage matsi lokacin jan igiya, domin haka lambarsa a agogo ba ta kai ta mota ba. Kada a ɗora shi a kan yashi. A sa masa katako ko bulo, nesa da ƙura. Kwana uku ba ruwa a tsakiyar rani ya isa ya raunana albasa.

9. Lafiyar mai gyara

Gyaran inji kada ya zama sanadin ɓata jiki.

Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan yana iya feshe fuska. In an ƙone, a riƙa zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, kada a shafa mai ko toka, a tafi asibiti.

Kada a tayar da inji a cikin rufaffen ɗaki ko shago, kada kuma a saukar da injin ban ruwa cikin rijiya. A hayaƙin akwai wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, sannan ta kashe shi. A 2012 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gazuwal cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji na huhu.

Kada a zuƙo fetur da baki. In ya sarƙe mutum, yana ƙona huhu. Ban da taba sigari ko garwashin shayi kusa da wurin aiki.

A naɗe hannun riga, a ɗaure rawani da kyau, kada fanka ta fizga.

Tsohon baƙin mai guba ne. Ba a shafa shi a gyambo ko a ƙazuwar dabba. Ba a zubar da shi kusa da rijiya ko cikin lambu. A tara shi a jarka mai murfi, inda yara ba za su kai ba. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

10. Rigakafi ya fi magani

Kowace safiya, a duba baƙin mai da ruwa kafin a tayar.

Kowane mako, a cire matatar iska a kakkaɓe ta a hankali. Lokacin hazo, a ƙara yawan dubawa. In ta yage, a canza.

A juye baƙin mai a kan kari. A hanyoyin ƙura irin namu, kada a wuce kilomita 5,000.

A share gaban lagireto. A zuba masa ruwan inji na musamman, ko ruwan sama mai tsabta da aka tace.

In allurar zafi ta kai ja, a tsaya nan take. Kada a zuba ruwan sanyi a inji mai zafi, yana tsaga kulas.

A ajiye littafi a mota. A rubuta ranar juye mai, da kilomita, da lambobin matsi. In ƙungiyar ƙauye ce ke da mota ko inji, magatakarda ya riƙe littafin, ya karanta wa jama'a a taro. A yi awo sau ɗaya a shekara, kafin kaka, lokacin da mota za ta fi shan aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Faɗi taki huɗu na aikin inji.

2. Waɗanne hanyoyi uku ne matsi ke zurarewa ta cikinsu?

3. Me shuɗin hayaƙi yake nufi? Farin hayaƙi fa?

4. An auna mota an sami 12, 12, 5, 5. Ina ciwon yake?

5. An auna wata an sami 10, 10, 10, 6. An zuba mai, ta ƙarshe ta hau zuwa 9. Me za a gyara?

6. Injin ban ruwa yana aiki awa 5 kullum. Bayan kwana nawa zai cika awa 100, a juye baƙin mansa?

Kowa ya rubuta amsoshinsa a littafinsa, ya kawo wa malami. Wanda kuma yake da ɗan uwa direba ko mai injin lambu da bai shiga aji ba tukuna, ya karanta masa wannan darasi.